Taɓaryar da Baba Ya Kawo Daga Kuwait

Daga Allah muka fito, gare shi muke komawa, kowa da ranar da aka yanka masa. Ta mahaifinmu ta faɗo a hantsin wata Talata, a ɗakinsa na bakin ƙofa a unguwar Nima, bayan ciwon ƙoda ya yi kusan shekara biyu yana cin sa a hankali. Kafin azahar an kafa rumfuna sun toshe lungunmu, an jera kujerun roba har bakin kwata, masu babur suna juyawa suna neman wata hanya. An zo daga Maamobi, an zo daga Alajo da Kawukudi. 'Yan kondem, masu saye da sayar da tsofaffin ƙarafa, waɗanda a cikinsu Baba ya tsufa, sun zo da kayan aiki a jikinsu, hannuwa baƙi ƙirin da mai, suka tsaya daga gefe don kada su ɓata wa kowa farar riga.

A ranar na lura da abin da bai kamata mai makoki ya lura da shi ba. Duk wanda ya shigo rumfa, hannun ƙanena yake fara kamawa. Ni ne babba, na girme shi da shekara huɗu, kuma kujerata ce ta farko daga bakin hanya. Amma sai a wuce ni a je gare shi, a riƙe hannunsa da hannu biyu, a daɗe, sannan a waiwayo. Limamin unguwa ya ce masa, "Kai ka yi jinya, kai ka yi wanki, kai ka yi daka. Allah ya ba ka lada." Ni kuwa ya ce mini, "Ticha, sai haƙuri." Bai yi ƙarya ba ko a ɗaya.

Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a cikin ɗakinsu, tana zaune a tsakar gida cikin mata. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yanzu la'asar za ta riƙa yi a gidan nan shiru, babu ƙwas-ƙwas." Matan suka fashe da kuka, domin babu wanda ke lungun da bai san wannan ƙarar ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, wani tsoho ya ja ni gefe. Abokin tafiyar Baba ne, tare suka je Kuwait aiki, ya haura tamanin amma har yau ba ya riƙe sanda. Ya ce, "Ticha, na san abin da ke kanka. Kar ka ce ƙarfen nan da ya kawo daga Kuwait ne ya kashe shi. Motocin da ya yanka tare muka yanka. Ƙurar da ya sha na fi shi sha, don ni ba na ɗaure hanci. Ga ni nan, yau da safe waace na ci, shinkafa da wake, da ƙwai biyu."

Na ce, "Baba, ai ban ce komai ba."

Ya ce, "Ba ka ce ba, amma fuskarka tana ta lacca tun safe."

Na ɗauki alƙalami domin jikokinsa su san wane ne kakansu. Sai na tarar ba zan iya ba da labarinsa ba tare da labarin wannan ƙarfe ba, kuma labarin ƙarfen ba ya rabuwa da wani hali nawa wanda ba na alfahari da shi. Na yanke shawarar in rubuta su tare.

Baba mutum ne da ya san duniya da tafin hannunsa. Duk abin da aka miƙa masa, sai ya ɗora a hannun dama, ya ɗaga sau biyu, sannan ya yi magana. Kwaɗo ne, doya ce daga Kasuwar Malam Atta, jariri ne aka kawo masa ya yi addu'a, duk hanya ɗaya ce. Ya ce, "Wannan dalma ce aka shafa wa fenti." Ko ya ce, "Wannan yarinya za ta yi ƙashi." A filin 'yan kondem idan aka yi gardama a kan wani ƙarfe, ba a zuwa wurin sikeli sai an fara zuwa wurinsa. Bai yi karatun boko ba, kuma bai taɓa nuna yana jin kunyar haka ba.

Ranar da na kawo takardar kammala jami'a, ƙofar gida cike take da abokansa. Ya karɓa, ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga sau biyu, ya ce, "Shekara huɗu, kuma ko ganyen waace ya fi ta nauyi." Aka yi dariya. Washegari shi da kansa ya yanka goran ruwa ya yi wa takardar firam, ya rataye ta a saman gadonsa, kuma a nan take har ranar da aka fitar da shi. Na san da firam ɗin. Amma shekara da shekaru dariyar na fi tunawa. A wannan makon ne ƙanena, wanda ya bar makaranta ya koyi walda, ya haɗa ƙofar ƙarfe ta farko da hannunsa. Baba ya bi layin waldar da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ina tsaye ina kallo, kuma da za a ce in ba da takardata a ba ni wannan gyaɗa kai, da na bayar.

Tafiyar Kuwait ta zo ne bayan yaƙin da aka kori sojojin Iraƙi daga ƙasar. Hamada ta cika da ƙonannun tankokin yaƙi da manyan motoci, ana neman waɗanda suka iya yanka ƙarfe da wuta. Baba ya tafi tare da wasu mutanen zango, ya yi kusan shekara biyu. A lokacin ina gama sakandare, kuma ban manta ba cewa wannan tafiya ce ta kai ni jami'a. Yakan ba mu labari. Ya ce za ka ga tanka, jikinta ƙarfe mai kauri, amma an huda ta da rami ƙarami mai santsi kamar an sa rawar burtsatse, cikinta kuwa komai ya ƙone, ga wata baƙar ƙura mai laushi kamar kwalli. Da ƙyalle suke ɗaure hanci, wanda ya ga dama. A inuwar tankokin suke cin abincin rana. Ya ce sai can wajen ƙarshen aikinsu wasu Turawa suka zo fuskokinsu a rufe, riƙe da wasu akwatuna, suka shafa wa wasu tankoki fenti suka ce kada a kusance su. Baba yakan yi dariya a nan ya ce, "Mu da mun riga mun yanka 'yan'uwansu."

A cikin yashi kusa da wata mota ya tsinci ƙarfen. Tsawonsa ya ɗan fi yatsa, kaurinsa kamar babban yatsa, baƙi, ɗaya gefen da tsini. Ya ce da ya ɗaga shi, hannunsa bai yarda da idonsa ba. Tun da yake taɓa ƙarfe bai taɓa jin abu ƙarami mai irin wannan nauyi ba. Ya sa shi a jaka cikin dabino da daddumar tsaraba ya kawo Nima. Shekaru da yawa danne takardu kawai yake yi da shi. Idan baƙo ya zo, musamman mai ji da kansa a harkar ƙarfe, sai ya miƙa masa ya ce, "Faɗa mini sunan wannan." Ba wanda ya taɓa faɗa. Wani lokaci ya karta shi a siminti, tartsatsi ya tashi, a yi ta mamaki.

Da haƙoransa suka ƙare, goro ya gagare shi, kuma Baba ba ya wuni babu goro. Aka samo ɗan turmin tagulla. 'Yar taɓaryar itace ba ta yi masa laushi yadda yake so, sai ya ɗauko ƙarfen Kuwait. Bugu kaɗan goro ya zama gari. Daga nan ya zama ƙa'ida: kullum bayan la'asar ƙanena zai rufe shagonsa a Alajo, ya hau babur ya zo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba ya daka. Suna hira da rabin kalmomi, a kan wane ƙarfe ke lanƙwasa, wane ke karyewa, wane maigida ne bai iya riƙe wuta ba. Ni kuma in dawo daga makarantar da nake koyar da kimiyya, da littattafan ɗalibai a jaka, in zauna a benci in saurara kamar baƙon da bai ji yaren garin ba. Sau ɗaya na ce a ba ni in daka. Baba ya ce, "Bar shi, Ticha. Hannunka na alli ne." Da wasa ya faɗa. Ina da shekara talatin da takwas a lokacin, da mata da 'ya'ya, amma na koma gida ban iya cin abinci ba.

Kimanin shekara biyu ana wannan daka, sai wata rana ina karanta wani bayani a kan tsofaffin sojojin da suka yi wancan yaƙi suka dawo da ciwace-ciwace. A ciki akwai hoton wani harsashi da aka tsinta a hamada. Na daɗe ina kallon hoton. Ranar Asabar da safe na ari ƙarfen da sunan zan nuna wa ɗalibai, na kai ɗakin gwaji na makaranta, na auna nauyinsa, na tsoma shi a ruwa na auna girmansa. Ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba. Na kai wa wani abokin karatuna da ke aiki da na'urar gano tururin nukiliya. Da ya kusantar da na'urar, ta fara ƙara tana ƙaruwa. Ya ja kujerarsa baya ya ce, "A ina ka samo wannan?"

Dole in faɗi abin da na ji a wannan lokacin. Tsoro ya zo, amma ba shi ya fara zuwa ba. Abin da ya fara zuwa daɗi ne. Ga ƙarfe ɗaya a duniya wanda ni na san sunansa, su biyun ba su sani ba.

Sunansa ragowar yuraniyom. Idan an tace yuraniyom an cire abin da ake so don wutar lantarki ko bam, abin da ya rage kamar dusa shi ne wannan. Saboda nauyinsa ake ƙera harsashi da shi, domin yana huda jikin tanka, kuma yana kama wuta idan ya huda, ya bar baƙar ƙurar nan da Baba ya kwatanta da kwalli. Na yi makonni ina karatu, kuma abin da na tarar gardama ce da ba a gama ba. Masu harba shi da wasu masana suna cewa tururinsa kaɗan ne, riƙe shi a hannu na ɗan lokaci ba wani abu ba ne, kuma an bi lafiyar sojojin da ya taɓa ba a ga abin da ake tsoro ba. Wasu likitoci a garuruwan da aka yi yaƙin, da tsofaffin sojoji, da iyayen yaran da aka haifa da nakasa, suna cewa sun ga abin da suka gani, kuma ba a yi binciken da ya kamata a wurin da ya kamata ba. Abu ɗaya ne kusan kowa ya yarda da shi: ƙarfe ne mai guba kamar dalma, ba a so ya shiga ciki ta hanci ko ta baki, kuma idan ya shiga, ƙoda ce take fara ɗaukar nauyinsa. Mu kuwa da shi muke daka abin da tsoho zai haɗiye.

Da na so, da na same shi shi kaɗai da safe na yi masa bayani. Ban yi haka ba. Na zaɓi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ƙofar gida ke cike da abokansa. Na ajiye ƙarfen a kan tabarma a naɗe cikin leda, na yi jawabi mai tsawo da kalmomin da na san ba su sani ba. A ƙarshe na juya ga ƙanena na ce, "Kai kuma kullum kana zaune kana daka wa Baba guba, kana jin kai ne ɗan kirki."

Ƙanena bai ɗaga kai ba. Baba ya ce, "Ticha, ka gama?"

Na ce na gama.

"Ka tabbata abin nan zai kashe ni?"

"Ba wanda ya tabbata, Baba. Amma..."

"Su masu littattafan, sun daidaita a kai?"

"Ba su daidaita ba."

"Yoo. Manyanku ba su tabbata ba, kai ba ka tabbata ba. Amma ka tabbata ƙanenka mai ba ni guba ne, har ka tara masa mutane." Ya warware ledar, ya ɗaga ƙarfen sau biyu, ya sa a aljihu. "Mun ji."

Na tashi raina a ɓace. A bakin ƙofa na juyo na rantse da Allah cewa hannuna ba zai sake taɓa wannan ƙarfe ba, kowa ya ji. Washegari da la'asar na wuce ta lungun, ban ji daka ba, na yi murna. Kwana biyu bayan haka ƙarar ta dawo, ƙwas-ƙwas, kamar ba a yi komai ba.

Shekara goma muka yi a haka. Ban daina zuwa gaishe shi ba, ban daina kai masa magani ba, amma na daina zama idan an fito da turmi. Sau uku a cikin waɗannan shekaru ya kira ni. Na farko bai fi mako biyu da rigimar ba. Ya ce, "Ticha, zo ka daka mini yau." Na ce, "Baba, na rantse." Ya ce, "Rantsuwa ai ana kaffararta." Na ce a yi mini haƙuri. Ya dubi ƙanena, ƙanena ya dubi ƙasa, na ɗauka dariya suke ɓoyewa. Na biyu ranar wata Babbar Salla ce, gida cike, ya miƙo mini taɓaryar da hannunsa, na sa hannuwana a baya. Na uku yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, likita ma ta hana shi goro sai ɗan abin da zai sa a baki. Ya ce, "Ko sau ɗaya ba za ka daka wa ubanka ba?" Na ce, "Ba zan sa hannu a abin da ya kwantar da kai ba." Ya rufe ido ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka."

A cikin waɗanda suka je Kuwait akwai na uku, wani siririn mutum daga Maamobi, wanda ya rasu 'yan shekaru bayan dawowarsu da ciwon daji. Tun daga ranar Baba ya ɗauki nauyin gidansa. Murhun gawayin matar ya huje, shi zai gyara. Ƙofa ta ɓalle, zai aika ƙanena. Duk watan azumi sai ya je da kansa ya gaishe ta daga bakin ƙofa, bai taɓa shiga ba. Bai taɓa cewa ƙurar ce ta kashe abokinsa ba. Amma wata rana na ji yana gaya wa ƙanena, ba ni ba, cewa, "Shi muke turawa cikin tankokin, don shi ne ƙofar tankar ke ɗauka." Ashe yana tunanin abin. Ba da ni yake tunaninsa ba.

Da ciwon ya tsananta na tare likitar da ke duba shi, na ba ta labarin hamada da na goro. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce abin da na faɗa yana iya taɓa ƙoda, amma mutumin da ya yi shekaru da ciwon suga da hawan jini, ga tsufa, ba ya bukatar wani dalili kafin ƙodarsa ta gaji, kuma bayan wannan tsawon lokaci babu wanda zai iya rarrabe mini wanne ne ya jawo ciwon. Na so ta ce e. Ina so a karanta wannan yadda na rubuta shi: mahaifina yana kwance a bayan labule, ni ina tsaye a baranda ina fatan wata baƙuwa ta ce ni ne da gaskiya.

Ranar addu'ar arba'in, bayan an raba masa an naɗe tabarmi, na ga ƙanena ya shiga ɗakin Baba ya fito da ɗan turmin a hannu. Yana da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu, ƙaramarsu ba ta bar sa abu a baki ba. Wannan karon na ja shi bayan gida inda ba kowa. Na ce, "Turmin naka ne, ban ƙi ba. Amma ƙarfen ba zai shiga gidan da ke da yara ba. Ka naɗe shi ka ba ni, ko in kawo waɗanda za su karɓa."

Ya ce, "Yaya, hau babur."

Ya kai ni shagonsa a Alajo. A can ciki, bayan tulin rodi, ya jawo wani guntun bututun ƙarfe mai kauri, an toshe bakinsa biyu da walda, ya yi tsatsa. Ya ajiye a gabana. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da taɓaryar, baƙa, mai tsini, ya miƙo mini.

Na ce, "Ka san na rantse."

Ya ce, "Haba, Yaya, wanda ka rantse a kansa ga shi can cikin bututu. Riƙe wannan."

Na karɓa. Hannun alli ne, amma bai bukaci sikeli ba. Ko rabin nauyin wancan bai kai ba.

Ƙanena ya ce, "Aksil ɗin mota ne. Washegarin Juma'ar nan, tun ban buɗe shago ba na tarar da Baba zaune a bakin ƙofa. Ya ce in yanka masa irinsa, in goge, in ƙona shi da baƙin mai. Kwana biyu na yi. Wancan kuma ya ce in cika bututu da siminti in sa shi a tsakiya in toshe. Yana tsaye na yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Ticha ya yi rashin kunya, amma ya auna. Ya ce shi ba ya watsar da maganar wanda ya auna."

Na zauna a kan wani tsohon injin. Na ce, "Shekara goma. Me ya hana ku gaya mini?"

"Shi ya hana ni. Ya ce kai ka tara mutane ka faɗa, shi ba zai tara mutane ya amsa ba. Kuma ya ce ba zai gaya maka da baki ba, hannunka zai gaya maka. Sau uku ya kira ka, Yaya. Ranar Salla har na kusa faɗa, ya harare ni." Ya tura bututun da ƙafa zuwa wajena. "Ya ce wannan naka ne. Ya ce kai ka san inda ake kai irinsa."

Mai karatu zai so in ce a nan zuciyata ta wanke. Wani ɓangarenta ya wanke. Mahaifina ya ji maganata tun a kwana na farko, ya rabu da abin da ya fi so a cikin kayansa saboda ni na auna. Amma a kan babur muna komawa, ina riƙe da bututun a cinya, abin da ke cina shi ne sun yi shekara goma suna da wani sirri su biyu, kuma sirrin a kaina yake. Kowace la'asar suna zaune suna sane da abin da ban sani ba. Ko a ranar da na yi gaskiya, ƙanena aka kira ya ƙera ta.

Na kai bututun ofishin da ke kula da irin waɗannan abubuwa. Suka sa safar hannu suka karɓa, suka yi mini tambayoyi, suka ba ni takardar shaida. A bakin titi ina jiran trotro, motar haya, na ga na ɗora takardar a tafin hannu na ɗaga sau biyu. Abin da na gada ke nan. Ƙanena ya gaji taɓaryar da gumin hannun Baba ya yi wa santsi.

Har yau ban san abin da ya kashe ƙodarsa ba. Shekara biyu a hamada, shekara biyu na goro, ga suga, ga hawan jini. Abokinsa ɗaya yana cin waace da ƙwai, ɗayan ya daɗe a ƙasa. Na daina neman wanda zai ce mini e. Abin da na tsaya a kai kaɗan ne: waɗanda suka harba wannan ƙarfe sun san sunansa, sun san ana gardama a kansa, suka bar shi a yashi har talakawa daga Nima suka yanka, suka shaƙa, suka ci abinci a inuwarsa, kafin wani ya zo da fenti. Ko da gardamar ta ƙare a ce ba shi da illa, Baba ya cancanci a gaya masa abin da yake ɗagawa.

Kafin mu rabu a ranar da ya ba ni bututun ƙanena ya ce, "Gwaggo ma haƙoranta sun ƙare. Gobe ina da aiki a Kawukudi, ba zan samu la'asar ba." Ya bar mini turmin da taɓaryar, aro.

Na je. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, da wandon makaranta, na ɓare goro na daka. Ƙarar ta fita lungu, na ji wata maƙwabciya ta yi salati. Na juye garin a tafin hannun Gwaggo. Ta sa a baki, ta juya shi da harshe, ta daɗe. Sannan ta ce, "Na ƙanenka ya fi laushi." Ta sake miƙo hannu. "Ƙara."

Allah ya haskaka makwancin Baba, ya sa abin da ya ɗauka dominmu ya yi nauyi a ma'auninsa. Ya yafe masa, ya yafe wa ɗan da aka kira sau uku bai zo ba.